Ƙusar Agogo

Ranar da suka fara haɗuwa, faɗa ta yi masa.

Asabar ce da la'asar, a ƙaramin zauren da ke bayan laburare, inda ake jera kujerun roba talatin, a saki labule mai kauri, a haska tsofaffin finafinan nan na baƙi da fari waɗanda aka yi tun kafin fim ya koyi magana. Shi ne ma'aikacin da ke kula da majigin. Aikinsa bai wuce ya kunna na'ura ba, in rubutu ya fito a allo cikin harshen waɗanda suka yi fim ɗin, ya fassara wa 'yan kallo. To amma Allah ya yi shi da baki. Layi ɗaya za a rubuta, shi sai ya yi goma, har da abin da ɗan wasan ke tunani da abin da ya ci da safe.

Fim ɗin ranar na wasu iyali ne da ke tashi daga gidan haya. Awa guda da kwata, ba a kashe kowa ba, ba a sace kowa ba. Uwa tana naɗe kofuna cikin tsohuwar jarida, yara suna jigilar kaya zuwa amalanke. Da ɗaki ya zama wayam, uban ya sauke agogon bango, ya tsaya yana kallon ƙusar da ta rage. Ya zare ta a hankali, ya goge da yatsa, ya jefa a aljihu.

"Kun ga talauci ko?" in ji mai majigin. "Ko ƙusa bai iya bari ba, domin a zamanin nan…"

"Malam, don Allah ka yi shiru mu ji fim."

Daga layi na uku muryar ta fito. Tsofaffin da ke zaune suka kwashe da dariya. Shi kuwa bai ƙara ko tari ba har aka tashi.

Da aka ɗage labule ya tare ta a bakin ƙofa. Doguwa ce, da tabarau mai siririn ƙarfe, tana rataye da jakar aiki.

"Hajiya, fim ɗin nan fa ba ya magana."

"Yana yi. Kai ne ka hana shi."

"Me ya ce?"

"Ina na sani, rediyo yana kunne a kaina?"

Daga ranar sunansa ya koma Rediyo, kuma har yau bai bar shi ba. Ita kuwa, da ya gano a shagon tabarau take aiki, tana yanka gilashi tana daidaita shi da idon mutane, sai ya sa mata Tabarauna. Ta ce sunan ba daɗi. Ya ce ai ba don daɗi aka sa ba, don gaskiya ne, tunda sai ta zo yake ganin abin da ke cikin finafinan da ya shekara uku yana haskawa.

Kowace Asabar tana layi na uku. Bayan an tashi su zauna a bencin siminti na gaban laburare, ta riƙa nuna masa abin da surutu ya sa ya rasa. Yadda wata mai wanki a fim ta ɓoye hannuwanta a bayanta da ɗanta ya zo da abokansa. Yadda wani masinja ya duba takalminsa sau biyu kafin ya shiga ofis. Mutane ne irin waɗanda ake wucewa a titi ba a waiwaya ba, amma wani ya zauna shekaru kusan ɗari da suka wuce ya ce rayuwarsu ta isa a kalla.

"Wa ya koya miki kallo haka?" ya tambaye ta wata rana.

"Babana. Kurma ne, tun yana ɗan shekara bakwai zazzaɓi ya tafi da jinsa. A gidanmu da ido ake sauraro."

Ta ba shi labarin Baba mai gyaran agogo, wanda ke ɗora agogo a kan yatsunsa ya gane ciwonsa daga bugun da yake ji a fata. Da hannu yake magana, yana kuma karanta leɓen mai yi masa magana. Ita ce ke raka shi asibiti da banki, ita ke amsa masa waya.

"Gara ka sani tun yanzu," ta ce. "Ba zan auri mutumin da Baba ba zai iya hira da shi ba. Ko ina sonsa kamar raina."

"Hira? Ai kin zo gidan hira."

Da ya koma gida ya tura mata saƙo.

"Tabarauna, yau na yi minti arba'in ban ce uffan ba a zaure. Ina neman lada."

"Rediyona, na ƙirga. Minti talatin da ɗaya ne, ka yi tari mai kama da magana sau biyu. Amma na ji daɗi. Allah ya ƙara maka shiru."

"Amin. In na aure ki zan rage murya, amma ba zan kashe ba."

"Wa ya ce ka kashe? Gidanmu shiru ya yi yawa. Ina son muryarka, wurin sa ta ne ba ka sani ba."

Bayan wata biyar ya sa rigarsa mafi kyau ya je gaida Baba. Falon cike yake da agogo, manya da ƙanana, kowanne yana bugun gabansa. Mama ta kawo shayi ta koma ciki. Baba ya yi wa 'yarsa alama da hannu cewa ita ma ta ba su wuri, yana so ya ga ko su biyu za su iya fahimtar juna ba tafinta.

A nan aka yi ɓarnar.

Rediyo maraya ne, gwaggonsa ce ta raine shi, mace mai tsanani wadda ta dasa masa abu ɗaya tun yana ƙarami: yaron kirki ba ya kallon babba cikin ido. Sai ya zame daga kujera ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji, ya shiga zuba zance. Ya faɗi asalinsa, ya faɗi aikinsa, ya faɗi irin son da yake yi mata da irin riƙon da zai yi mata. Kalamai masu daɗi ƙwarai, wallahi, kuma duk tabarmar falon ce ta ji su.

Minti ashirin Baba yana kallon tsakiyar kan saurayin. Ya san irin wannan. Shekara hamsin yana ganin mutanen da ke kawar da fuska in sun zo gabansa, masu yi wa na kusa da shi magana kamar shi kujera ce. Ya ɗauka wannan ma kunyar kallon kurma yake ji, ya zo ne kawai ya sauke nauyi ya tafi.

Ita kuwa ko kusa ba ta kawo a ranta ta gargaɗe shi ba. Mutumin da in yana mata magana ko ƙiftawa ba ya yi, wa zai ce masa ya ɗaga kai?

Da baƙon ya tafi ta fito da murmushinta. Baba ya girgiza hannu sau ɗaya, a'a, ya maƙala gilashin aikinsa a ido ya koma kan agogo. Ta tambaye shi dalili, ya ƙi. Ba zai iya gaya wa 'yarsa cewa wanda take so ya ƙyamace shi ba, abin ya yi masa ciwo da yawa. Mama ce kawai ya ce wa, da hannu, "Ranar da yarinyar nan ta tafi, kunnena ya tafi. In mijinta ba ya magana da ni, gidanta ya rufe mini."

"Me ka yi masa?" ta rubuta wa Rediyo.

"Wallahi ba abin da na rage. Duk abin da ke raina na faɗa."

"To ya ce a'a."

"Saboda aikina ne ko? Mai haska fim ɗin da ko magana ba ya yi."

"Ban sani ba. Ka ba ni lokaci."

Ana cikin haka sai ga Ɗan Kemis. Ɗan aminin Baba ne, mai kantin magani a bakin titi, kuma mahaifiyarsa kurma ce, don haka hannunsa ya fi bakinsa iya zance. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya daɗe yana sonta, da ya ji ƙofa ta buɗe sai ya riƙa biyowa ta shagon Baba kullum da yamma, su yi ta hira har Baba ya riƙe ciki don dariya.

Wata Litinin Rediyo ya biyo ta layin, ya hango su ta gilashin shagon su uku, hannuwa shida suna ta tashi sama, ita tana dariya har tana cire tabarau. Ya tsaya a tsallaken titi bai gane ko kalma ɗaya ba. Kishi ya turnuƙe shi.

"Na ga fim yau a shagon Baba," ya rubuta mata. "Ba fassara, amma na gane ƙarshensa. Allah ya sanya alheri."

"Kullum haka kake. Ba ka gama kallo ba ka fara sharhi."

Asabar biyu layi na uku ba kowa. Ita tana gida tana kuka a ɓoye, domin son Rediyo bai ragu ba, maganar da ta yi kuma ba za ta tashi ba. Shi yana zaure yana fassara layi ɗaya a layi ɗaya, har wani tsoho ya tambaye shi ko ba shi da lafiya.

Ranar Laraba da safe yana zaune shi kaɗai yana duba fim ɗin da zai haska a makon. Wani saurayi ne a ciki ya je wurin tsohon kafinta neman aiki. Ya tsaya ya sunkuyar da kai, hularsa ta rufe fuskar, kafaɗunsa kawai ke motsi, rubutu kuma bai fito ba. Rediyo ya matso kusa da allo, ya karkata kai, ya ƙosa.

"Kai, ɗago mana mu ga me kake cewa," ya ce da ƙarfi.

Sai abin ya faɗo masa. Na'ura tana ta juyi, shi kuwa ya dafe kai da hannu biyu. Tabarmar falon Baba ce ta dawo masa, har da zanen da ke jikinta, domin ita ya yi minti ashirin yana kallo.

Bai gaya mata ba. Ya yanka kwali ya rubuta ban haƙuri a kai, kati shida, irin rubutun da ke fitowa a finafinansa, ya nufi shagon agogo.

Baba yana kan benci, gilashi a ido. Ya ɗago ya ga ko wane ne, fuskarsa ta ɗaure. Rediyo ya miƙa katunan. Baba ya karɓa, bai karanta ko ɗaya ba, ya kife su a kan tebur. Ya nuna fuskar saurayin, ya nuna nasa idon.

Abu mai sauƙi, ka ce. Amma wuyan da aka shekara ashirin da bakwai ana koya wa lanƙwasa ba ya miƙewa a rana ɗaya. Ya fara magana, sai kai ya soma sauka da kansa. Baba ya miƙo yatsa mai baƙin mai, ya tallafi haɓarsa ya ɗaga.

"Baba, gwaggona ce ta raine ni. Ta ce kallon babba cikin ido rashin tarbiyya ne. Girmama ka na zo yi ranar nan, ban san ƙofa na rufe maka ba. Ka yafe mini."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo takardar da yake rubuta wa masu kawo gyara, ya yi rubutu ya tura masa.

"Ka cika sauri. Maimaita."

Sau uku ya maimaita. A na ukun idonsa ya kawo ruwa, kuma bai ɓoye ba, tunda ba damar sunkuyawa. Ya ƙara da cewa yana gayyatar Baba kallo, akwai fim ɗin da ba ya buƙatar kunnen kowa. Baba bai ce ya yarda da komai ba. Ya dai rubuta, "Ƙarfe nawa?"

Ranar Asabar suka shigo tare, uba da 'ya, suka zauna a layin gaba. Ita ba ta kalli Rediyo ba, amma ta ga abin da ya yi. Ya bar wurinsa na bayan na'ura ya dawo gefen allo, ya kafa 'yar fitila tana haska fuskarsa, don in ya fassara rubutu Baba ya gani a leɓensa. Fim ɗin masu tashi daga gidan haya ya sake sawa.

Baba bai taɓa zama ya kalli fim tun daga farko har ƙarshe ba, domin na zamani duk baki ne. Yau kuwa shi ya riga kowa dariya, shi ya riga kowa yin shiru. Da uwar ta naɗe kofin da ya tsage ta sa shi daban, ya taɓa 'yarsa ya yi alamar Mama. Da aka zo wurin ƙusa, Rediyo ya kama bakinsa. Zauren ya yi tsit, uban ya zare ƙusarsa, ya goge, ya jefa a aljihu.

Da aka ɗage labule ba wanda ya tashi. Rediyo ya zo gaban Baba ya durƙusa, amma fuskarsa a sama.

"Baba, me ya sa ya ɗauki ƙusar? Ni da na ce talauci ne."

Baba ya girgiza kai. Hannuwansa suka fara, 'yarsa tana faɗa da baki.

"Ya ce ƙusa ba ta da tsada, ko a wancan zamani. Ya ce agogo kowa ke kallonsa, baƙo ma yana yaba shi. Ƙusar kuwa tana baya, ba mai ganinta, ita ta ɗauki nauyin duk shekarun nan. Mutumin ya san haka. Ya ce in an sauke agogo an tafi da shi sabon gida, ba a…"

Hannuwan Baba sun gama maganar, amma ita ta kasa. Ta cire tabarau ta rufe ido da bayan hannu. Sai yanzu ta gane abin da ke cin mahaifinta tun ranar da ta ce masa akwai wanda take so.

Rediyo bai iya maganar hannu ba, amma wannan karon ya gama kallo kafin ya yi sharhi.

"Ba a barin ta a bangon da ba kowa," ya ce a hankali, yana kallon Baba. "Gidan da na nema, tafiyar minti biyar ce daga shagonka. Kuma ga hannuwana, ba su san komai ba. Suna neman malami."

Ya ɗaga su ya gwada alamar godiya da ya gani tana yi. Ya yi ta a karkace. Baba ya yi dariya har da 'yar murya, ya kama yatsun ya gyara masa, ya sa shi ya sake sau biyu. Daga nan ya juya ga 'yarsa ya yi wata alama gajera.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka turo manyanka," ta ce tana share ido. "Ya ce kuma har yanzu ka cika sauri."

Ɗan Kemis ya ji labari, ya yi kwana biyu bai biyo layin ba, a na uku ya zo ya yi musu fatan alheri. Shi ne ma ya riƙa kama wa Rediyo hannu a ranakun da Baba ya gaji da shi.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da safen ranar ta tura masa saƙo.

"Rediyona, yau an ba ka izini. Ka yi magana son ranka."

"Tabarauna, yau kuma na rasa abin faɗa."

Washegari da hantsi dangi suka cika sabon gidan ana jera kaya. Gwaggo tana zaune a kujera tana ba da umarni, sai ta hango ɗanta tsaye gaban surukinsa, ya ƙure shi da ido.

"Kai, wace irin rashin kunya ce wannan? Haka na koya maka?"

Mama ta dafa ta tana dariya. "Ƙyale shi, Yaya. A gidanmu wannan ne ladabi."

Baba ya kwance ƙunshin da ya zo da shi. Babban agogon falonsu ne, wanda ya fi amaryar shekaru. Ya miƙa wa 'yarsa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar ƙusa, ta ɗan lanƙwashe, da sauran fentin bangonsu a jikinta. Ita kuwa ya miƙa wa angon.

Rediyo ya karɓa da hannu biyu. Ya auna bango, ya kafa ta da kansa, Baba yana tsaye a bayansa yana nuna masa ya ɗan ɗaga sama. Aka rataye agogon. Baba ya ɗora yatsunsa a jikin katakon, ya ji bugun, ya gyaɗa kai.

Sai ya juyo ya ɗaga hannuwa, ya yi magana mai ɗan tsawo yana kallon su biyun. Amarya ta buɗe baki za ta fassara kamar yadda ta saba, mijinta ya taɓa hannunta.

"Bari ni," ya ce. Ya juya ga gwaggonsa. "Ya ce Allah ya yi mana albarka, ya ba mu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya ce kuma gobe da yamma yana nan tafe shan shayi."

"Amin," in ji Gwaggo, falon duka ya amsa.

Amarya ta kalli hannun mahaifinta, ta kalli mijinta. Daidai ya faɗa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.